Yakuwar Gwaggo

A watan Maris ɗin bana na shuka tumatir tushe goma sha biyu da latas bokiti huɗu a tsakar gidanmu a Kano. Iri na sayo mai tsada, irin wanda ke zuwa cikin 'yar takarda mai hoto. Na riƙa ba su ruwa safe da yamma, har jadawali na tsara musu a kwamfuta. Rabin latas ɗin ko tsirowa bai yi ba, wanda ya leƙo kuma rana ta kwantar da shi cikin kwana goma. Tumatir ya daure har ya yi fure a ƙarshen Afrilu, sai furen ya riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwaya ɗaya ban tsinka ba.

Ga yadda aka yi na faɗa wannan rami. Sana'ata rubuta manhaja ce, daga ɗakina nake aiki, kuma yawancin abokan aikina a Turai suke. Da Maris ya kama sai zauren hirarmu ya cika da hotuna: wannan ya yi shuka a bakin taga, wancan ya je lambun Keukenhof na ƙasar Holan, wanda ake buɗewa makonni kaɗan kawai a shekara don kallon furanni. Lokacin da sanyi ke sakinsu ke nan, ƙasa ta farfaɗo. Mu kuma idan za mu fassara sunan wannan lokaci nasu, bazara muke cewa. Da dare, idan wuta ta ɗauke zafi ya hana barci, sai in kwanta a tabarma ina kallon bidiyon lambunansu, ina lissafin kuɗin jirgi. Fasfona shekararsa huɗu a cikin durowa, babu hatimi ko ɗaya a jikinsa. Da na ga ba zan je ba, sai na ce bari in jawo bazararsu cikin gidana. Na manta tamu bazarar ita ce wadda zafi ke haura digiri 40, kwalta ta yi laushi, rijiya ta ja baya.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta zo ganin likitan ido ta sauka a wurinmu. Washegari da safe na same ta tsaye a kan bokitan, ta sunkuya tana shafa ganyen da hannu.

"Ɗan nan, wa ya ce maka yanzu ake shuka tumatir?"

"A waya na gani, Gwaggo."

"To ita wayar a wane gari take?"

Matata ta yi dariya har ta shige ɗaki. Gwaggo ba ta yi ba. Ta ce tumatir abin sanyi ne, da rani ake yin sa a fadama, in zafi ya shigo ya gama. Daga baya na karanta na ga haka ne: idan zafin rana ya wuce digiri 35, furen ba ya ɗaukar 'ya'ya, kaɗewa yake yi. Shi ya sa manoman Kadawa da Kura ke cika kasuwa da shi a watannin sanyi, ya yi arha kamar banza, sannan in bazara ta yi nisa kwando ya gagari talaka. Shekara da shekaru ina ƙorafin tsadar tumatir a wannan lokaci, ban taɓa tambayar dalili ba.

Mako guda bayan ta koma, direban motar kasuwar garinsu ya kira ni in zo tasha in karɓi saƙo. Ƙullin leda ne guda huɗu, kowane da toka a ciki don kada ƙwaro ya ci: kuɓewa, rama, alayyafo, yakuwa. Da yamma ta kira ta wayar jikanta ta yi mini karatu. Kuɓewa a jiƙa ta kwana kafin a binne. Alayyafo a cuɗa shi da yashi, don ƙwayarsa ta yi ƙanƙanta, in ba haka ba wuri ɗaya zai taru. Takin awaki wanda ya kwana biyu za a sa, ɗanyen kashin kaji ƙone shuka yake yi. Da ta zo kan yakuwa sai muryarta ta sauka. Ta ce wannan irin daga gidan kakata ta taho da shi lokacin da aka kai ta ɗakin miji, kuma tun daga ranar ba ta taɓa sayen wani ba, kowace kaka takan ware na baɗi. "Yanzu idona ba ya raba shuka da ciyawa. Ban sani ba ko bana zan yi. Ka riƙe shi da kyau."

Sai abin ya daina zama wasa. Tsakar gidan siminti ce, don haka na tara tsoffin buhunan shinkafa, na huda gindinsu, na cika su da ƙasa da yashi da taki, na jera a jikin katangar da inuwa ke rufewa bayan azahar. Ruwa shi ne babbar rigima. Famfo ya manta da unguwarmu, a wurin 'yan garuwa muke saye, kuma a bazara jarka tashi take yi. Muka ajiye baho a wurin alwala, ruwan wankin shinkafa ma aka daina zubarwa. Ƙadangaru kuma, da yake babu wani kore a unguwar, suka mai da buhunan wurin kalaci. Sun cinye alayyafon farko tas. Tsohon gidan sauro na yanka na lulluɓe sauran, na sake shukawa. Yakuwar kuwa rabin irin kawai na zuba, rabin na ɓoye a kwalba, don ban yarda da hannuna ba.

Kafin nawa su isa yanka, na fara zuwa kasuwar 'Yankaba ina tambayar masu ganye. A can na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na ce wa wani dattijo ina noman yakuwa, sai ya ce, "Ashe bana ba ka sayen zoɓo." Na tsaya ina kallonsa. Shekarata talatin da huɗu ina shan zoɓo, ina cin fate da yakuwa, ban san uwarsu ɗaya ba. Ganyen shi ne yakuwa, kwanson da ke rufe 'ya'yan shi ne zoɓo, ƙwayar da ke ciki kuma da ita ake yin daddawar batso. Akwai ja, akwai fari wanda ake sakawa a miya. Na san sunayen titunan Amsterdam da ban taɓa takawa ba, ban san wannan ba.

Da na koma gida na bi sawun shukar, sai na tarar ta fi ni yawo. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa ana loda shi a jirgin ruwa zuwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara kamar yadda muke yi. A Sudan da Masar sunansa karkade, a Senegal bisaf. A Filato kuwa ganyen ne ke ba gwate tsaminsa. Tun daga nan mafarkina na dare ya sauya hanya. Ina so in zauna a wurin mai shayi a Alƙahira a miƙo mini karkade mai zafi. Ina so in ga Galmi, tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, garin da albasarsa ta yi suna a duk yammacin Afirka. Ina so in ga lambunan Timiya a cikin duwatsun Azbin, inda lemo da rumman ke nuna a tsakiyar hamada. Wasu hanyoyin yanzu ba a bin su da kwanciyar rai, na sani, kuma ba zan yi ƙaryar cewa na daina son ganin furannin Holan ba. Fasfon yana nan, saura masa shekara guda.

Amma da nake jera garuruwan nan a raina, sai na lura da wanda na tsallake. Garinsu Gwaggo tafiyar awa biyu ce daga ƙofar gidana. Rabona da shi tun gaisuwar rasuwar mahaifina, shekara uku ke nan. Kullum aiki ne uzurina, alhali aikin a jaka yake, ko'ina ana iya buɗe shi.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu da daddare. Na fita ba riga na yaye gidan sauron, na tsaya ina shaƙar ƙamshin ƙasa. Yanzu alayyafo ya shiga tukunya sau uku, kuɓewa ta fara fure, kuma ranar Juma'ar da ta wuce matata ta yi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, 'yarmu da ba ta cin ganye ta side kwano saboda ita ta tsinko. Yakuwa tushe tara ce ta tsaya, ta kai gwiwata. Ba za ta yi fure ba sai yini ya fara gajarta, wajen ƙarshen damina, kwanson kuma sai da kaka zai ƙosa. Ba ta da hanyar gaggawa, na bincika.

Jiya na kira Gwaggo na ba ta labari. Na ce in Allah ya kai mu kaka zan aiko mata da iri, ninkin abin da ta ba ni.

Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce, "Allah ya nuna mana. Amma kada ka ba direba. Ka kawo da kanka."