Kacalla Ta Ci Fadamun Haɗeja

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja da Nguru ya san arzikin mutanenta ambaliya ce. Kogi kan cika da damina ya malale cikin fadamu, in ya janye ya bar danshi da taki. Masunci ya kama kifi, manomi ya girbe shinkafa, Bafulatani kuma ya sauko da shanunsa da rani.

A shekarar 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ni dai ba na cikin masu zagin waɗannan ayyuka, gama tumatir da alkamar Kura da Kadawa albarkarsu ce. Amma fa ruwan da a da yake zuwa da ƙarfi lokaci guda, sa'an nan ya ɗauke, ya koma yana tsiyaya rani da damina. Abin da ciyawar kacalla take nema ke nan. Ta samu laima marar yankewa, ta yi tsawo ta wuce mutum, ta toshe hanyoyin ruwa. Sai ruwan ya karkata ta mashigar Marma ya kwanta a gonakin wasu, alhali wasu garuruwan suna kallon busasshen rafi.

Aikin jarida ya sha kai ni wannan yanki, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. Cikin kacalla tsuntsayen jan-baki suke kwana, da asuba su faɗa wa shinkafa kamar hadari. Saboda haka yaron da ya kamata a ce yana aji, yana bakin gona yana kaɗa gwangwani tun safe har magariba. Ruwan da ya kwanta kuwa gidan sauro ne da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Mai karatu ya lissafa kuɗin magani a gidan da kwalekwalensa ya rasa hanyar fita su.

An sa tafkin Nguru da Marma cikin jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000. Madalla, amma takarda ba ta sare ciyawa. A ganina, yankan kacalla kaɗai wahala ce, tana sake tohowa. Sai hukumomin kogunan sun yarda su riƙa sakin ruwa da yawa da damina, su tsuke shi da rani har ƙasa ta bushe.