Bazara a Bakin Gulbi: Kwana Uku Tsakanin Wurno, Goronyo da Rabah

Tun ƙarfe tara na safe ƙarfen motar ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu. Watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato kan haura maki 40 ba tare da kowa ya yi mamaki ba. Mu shida ne fasinja, biyu a gaba huɗu a baya, kowa ya biya naira 2,000 zuwa Wurno. A cikin birni na san inda mai hali kan fake wa irin wannan rana: ɗaki mai na'urar sanyi, shagon askirim, ko wurin shan iska da ake biyan kuɗin shiga. Abin da ya fito da ni shi ne in ga yadda mutumin gabashin Sakkwato yake hutawa, abin da yake ci, da abin da yake kallo idan rana ta yi sanyi.

Hanya ta bi da mu ta Achida, inda babbar kasuwar dabbobi take ci. Ba ranar kasuwa ba ce, rumfuna duk a wofi, sai 'yan mata masu tallan kankana da suka yanyame motar. Yanka ɗaya naira 100. Daga nan ƙasa ta buɗe, ja da fari, babu ɗanyen haki ko ɗaya, sai gawo nan da can. Gawo itace ne mai abin mamaki, yana kaɗe ganye da damina, ya yi lif da rani, don haka duk inda ka hango shi za ka ga tumaki a gindinsa, da makiyayi a kwance ya rufe fuska da malfa.

Wurno a kan tudu take, tana kallon fadamar Rima. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka ƙaramin gari ne kamar sauran, sai an kai shi hubbare. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma aka rufe shi. Ɗansa Aliyu Babba ma daga nan ya yi mulki, kuma a zamaninsa ne Baturen Jamus ɗin nan, Heinrich Barth, ya sauka garin a 1853. Har yau hakimin garin Sarkin Sudan ake kiransa. Na cire takalmi na shiga na yi addu'a. Masu ziyara ba su fi goma ba, yawancinsu tsofaffin mata. Wani dattijo da ke zaune a zauren ya dube ni da gumi sharkaf, ya gyara tabarma ya ce, "Zamna nan, Malam, ranag ga ta hi ƙarhin kowa." Na zauna. Kaurin bangon zauren ya riƙe sanyin dare, kuma ban samu inda ya fi shi daɗin zama a garin ba.

Daga sha biyu zuwa la'asar gari yakan yi tsit. Masu shago suna kwance kan benci, kunne na jin rediyo, ido a rufe. Abin da ke motsi kawai shi ne ciniki a wajen masu fura, ko hura kamar yadda ake faɗa a nan. Fulani mata sun jera ƙwarya a inuwar dogon yaro, kowace da ludayinta da faifai. Na sayi curi biyu da nono, aka dama mini a kan naira 500, sannan mai damun ta tambaye ni ko a sa ƙanƙara. Ƙanƙarar kuɗinta daban, naira 100 ɗan gutsure, domin a bazara ita ce sarauniyar kasuwa. Wasu daga Sakkwato suke kawo ta cikin buhu da dusar katako, wasu kuma masu firjin sola ne a cikin gari, tun da wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ruwan leda mai sanyi naira 50. Wanda ba shi da ko hamsin ɗin, randa na nan a ƙofar gidaje da dama, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen rairayi, da moɗa a kai, kowa ya zo wucewa ya sha. Wannan ɗabi'a ta burge ni fiye da duk abin da na saya.

Da la'asar sakaliya wani saurayi ya ɗauke ni a babur muka gangara fadama. Sauka ɗaya daga tudun, duniya ta sake. Iska ta zo da warin tafarnuwa da albasa, waɗanda Wurno ta yi suna da su, ga shinkafar rani kore shar har iya ganinka. An cire albasa, ana jera ta cikin rudu, rumbun kara da ciyawa da ake ajiye ta a ciki don jiran farashi. Raƙuma da jakai suna hawa da buhuna. A magudanar ruwan da ta taso daga tafkin Lugu na iske yara sun fi talatin suna ninkaya, suna tsalle daga kan kwalbati, wasu sun zo da tumaki suna wanke su. Babu mai karɓar ko kwabo. Manya kuma sun tsoma ƙafa a gefe suna shan rake. Na daɗe ina kallonsu da jin daɗi, sai dai raina bai kwanta duka ba, domin irin wannan ruwan kwance shi ke kawo tsargiya, kuma wani malamin makaranta da na tarar a wurin ya ce fitsarin jini ba baƙon abu ba ne a tsakanin ɗalibansa. Ya ce ba ya iya hana su shiga, don ba shi da abin da zai ba su a madadinsa.

Bayan magariba gari ya farka. Kowa ya fito da tabarma ƙofar gida, don ɗaki ba ya shiguwa sai can tsakar dare. A bakin tasha masu tsire uku ne, tsinke naira 300, balangu kuma gwargwadon aljihunka. Akwai mai shayi da ke soya ƙwai da indomi, samari sun kewaye shi, wayoyinsu na caji a shagon da ke gefe. Ni dai na nufi wata mai tuwo, na ci tuwon shinkafa da miyar sure da man shanu, malmala biyu da nama yanka ɗaya naira 1,000. Sure ita ce yakuwa a bakin Sakkwatawa, kuma tsaminta na buɗe maƙogwaron da zafi ya rufe. A kusa da fitilar mai shayi wasu dattawa biyu suna buga dara a ƙasa, ramuka talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ɗaya da tsinke ɗaya da tsakuwa. 'Yan kallo sun fi su zafi. Kowa na da shawara, ba mai jin ta wani.

Gidan kallon ƙwallo rumfar kwano ce da benci, talabijin biyu, janareto na ruri a baya. Shiga naira 200. Na ƙirga kusan mutum sittin, rabinsu sun tuɓe riga, kuma duk wanda ya ga yadda suke musu a kan Real Madrid da Barcelona zai rantse da danginsu a Sifaniya. Ana tashi wasa, kafin minti goma, wurin ya watse. Ƙarfe goma da rabi mai tsire ya kife tukubarsa. Na tambayi mai masaukina ko haka ake yi kullum. Ya ce, "Da can mukan kai asuba muna hira. Tun da anka hwara wanga abu, kowa gida." Bai ambaci sunan abin ba, ni ma ban nemi ya ambata ba. Duk wanda ya san gabashin Sakkwato a 'yan shekarun nan ya san 'yan bindiga yake nufi. A ƙasar da rana ba ta barin mutum sakewa, dare ne lokacin zumunci da wasa, kuma shi ne aka rage musu.

Kashegari da sassafe na wuce Goronyo. Kowa ya ba ni shawara iri ɗaya: ka je da wuri, ka dawo da wuri, kada la'asar ta same ka a hanya. Garin na da babbar kasuwar Lahadi, amma ni madatsar ruwa na nufa, wadda take gaba da garin, kusa da ƙauyen Keta. An kammala ta a 1984, aka ƙaddamar da ita a 1992. Bangon ƙasa ne mai tsawon kilomita 12.5, tsayinsa mita 21, an gina shi ya tare gulbin Rima, ya riƙe ruwan da ya kai kubik mita miliyan 942. Daga nan ake sakin ruwan da Sakkwato da Birnin Kebbi suke sha, da wanda manoman rani na Falaliya da Takakume suke ban ruwa da shi. Mutanen wurin suna auna shekaru da halin ruwan: ambaliyar 2010 da ta cinye gonaki da gidaje, da kuma 2018 lokacin da ya janye har ya koma kusan kashi 10 cikin 100.

Da ka hau bangon, iska ce ke fara gaishe ka. Ruwa ya miƙe har inda ido ya gaza, balbela da shamuwa a gefe, jiragen masunta kamar ƙudaje a nesa. A bazara ruwan yakan ja baya, ya bar laka mai faɗi da aka shuke da dankali da kabewa. Na yi tsammanin zan tarar da masu yawon buɗe ido, amma ban da ni babu wani baƙo sai samari huɗu da suka zo a babura biyu suna ɗaukar hoto da waya. Babu rumfa, babu benci, babu inda mace da 'ya'yanta za su zauna su ci abin da suka zo da shi. Wani ma'aikaci ya ce da salla ne wurin ke cika, matasa daga ƙauyuka har da na Sakkwato. Na yi ta tunanin yadda ruwan da ya ciyar da birane biyu bai samu ko inuwar bukka goma ta masu ziyara ba.

Abincin da ya fi tsaya mini a rai a tafiyar nan a bakin ruwan na ci shi. Masunta na fitowa da tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, mata na saye nan take, su fasa, su wanke, su jefa a tafasasshen mai a kan murhun duwatsu uku. Karfasa uku manya da yaji da yankakkiyar albasa naira 1,500, an zuba mini a takarda. Ba a yi awa ɗaya da fito da kifin daga ruwa ba. Mai suyar ta ƙara mini guda ɗaya ta ce, "Baƙo ba ya tahiya hakanan." A gefenta wata tsohuwa na sayar da hoce, wainar dawa da ake gasawa a busasshe, wadda matafiya ke so don ba ta lalacewa da zafi. Wani mai jirgi ya ce zai zaga da ni a kan naira 1,000. Na shiga, muka yi nisa kaɗan muka juyo. Rigar kariya ko ɗaya babu a jirgin, kuma irinsa ne ke ɗaukar mutane da kaya zuwa ƙauyukan ƙetare.

Rabah na bari a ƙarshe. Ita ba a kan Rima take ba, a bakin gulbin Sakkwato take, kuma ta fi sauran biyun shiru. A nan aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a 1910, ya kuma zama hakimin garin a 1934, tun kafin siyasa ta kai shi Kaduna. Kowane yaro zai nuna maka unguwar da gidansu yake. Gulbin a wannan lokaci ya zama rairayi fari, sai 'yan kududdufai da ramukan da manoma suka haƙa suka kafa injin ban ruwa. A kan rairayin nan samari ke buga ƙwallo da yamma, ba takalmi, ƙananan yara kuma suna langa da kokawa a gefe.

Na zauna a wata majalisa ƙarƙashin mangwaro, inda ake sayar da mangwaron biyar naira 200. Wani na kunna waƙa a waya, da na saurara sai na ji muryar Ɗan Anace ce, mawaƙin dambe da noma, wanda asalinsa ƙasar Gandi ce a cikin wannan ƙaramar hukuma. Nan hira ta ɓarke a kan ɗan damben nan Shago da damben da, da yadda bayan kaka ake kafa fage a ƙauyuka, kalangu na tashi har gari ya waye, masu tuwo da masu rake su kwana suna ciniki. Wani dattijo ya ce shi da ƙafa yake zuwa kallon kokawa ƙauyen da ya kai tafiyar awa biyu, ya dawo cikin farin wata shi kaɗai. Yanzu in za a yi wasa da rana ake yi, a cikin gari, a tashi kafin magariba. Wani saurayi da ke gefensa ya ce shi bai taɓa ganin damben dare ba sai a waya.

Ƙarfe huɗu direban motar Sakkwato ya aiko yaro ya kira ni, ya ce saura mutum ɗaya, kuma ba zai ƙara jira ba. Hadari ya ɗan haɗu a gabas, irin na bazara mai kawo ƙura ba ruwa. Dattijon ya ɗaga kai ya dube shi, ya ce da saura. Ya sa aka ƙulla mini mangwaro goma a leda, ya hana ni biya, ya raka ni har bakin hanya yana cewa in gaida mutanen gida.