Daga Lazaret zuwa Dosso a kan maganar lifidi

Ɗan ƙanwata ne ya tayar da tafiyar nan. Shi da abokansa kan taru a zaurenmu na Lazaret a Yamai suna wasan Dungeons & Dragons, wanda ya fito a Amurka a 1974: ɗaya na ba da labari, saura na jefa ɗan lido don a san ko sara ya kama. Littafin wasan ya ce sulken dabba ya ninka na mutum sau huɗu a kuɗi, sau biyu a nauyi, kuma rigar cushen auduga ce ƙarshen rauni. Yaron ya ce, "Kawu, ashe lifidi ba wani abu ba ne?"

Maganar ta ci mini rai. Tarihin Kano ya nuna tun zamanin Sarki Kananeji, wajen 1400, ake sa wa dawaki lifidi. Na ce wa yaron ya shirya, mu je Dosso ya ga lifidi da idonsa.

Da asuba muka bar Yamai, muka wuce Kure ba mu ga raƙuman dawa ba, muka ratsa Birnin Gaure, hantsi ya yi mana a Dosso, tafiyar kilomita kusan 140. Kusa da fadar Zarmakoy, sarkin Dosso, wani dattijo mai kula da dawaki ya shimfiɗa mana lifidi a tabarma. Ja ne da rawaya, an cusa audugar rimi, ɗinki layi-layi, yana warin zufar doki da ƙura. Yaron ya danna yatsa, bai taɓo ƙasa ba.

Dattijon ya ce, "Kibiya mai dafi nan take maƙalewa, samari. Maƙiyansa biyu ne, wuta da rana."

Ya ce dokin lifidi ba ya doguwar sukuwa, sai an kusa arangama ake ɗaura masa. Mahayin ma sai an ɗora shi, in ya faɗi kuwa sai an tashe shi, shi ya sa dakaru ke bin sa a ƙasa. Ni a nan na ga giɓin littafin: ya auna kuɗi da nauyi, ya manta zafi, ya manta mutanen da ke riƙe da linzami.

A mota yaron ya ɗora takarda a gwiwa yana gyara dokar: lifidi ya fi ƙarfin kibiya, wuta na cin sa, kowace sa'a a rana doki na gajiya. Muna shigowa Lazaret da magariba ya tambaye ni ko raƙumi ma zai iya ɗaukarsa.