Sabo da Wanda Bai Saba da Kai Ba

Hausa tana da kalmomi da yawa na zaman mutum da dabba, kuma kowace tana tona abin da mutum ke jira. Kiwo na tumaki da awaki ne, ana jiran nono da haihuwa. Turke na ragon layya ne, horo na doki da raƙumi. Kare na gadi, kyanwa na kamun ɓera. Abin da Faransawa ke kira animal de compagnie, wato dabbar da ake ajewa don a zauna da ita kawai, shi ne ba mu da kalma guda tasa. A ajinmu na ilimin harsuna a Yamai mun sha gardama a kai. Wasu sun ce dabbar sha'awa, wasu dabbar ɗebe kewa, wasu dabbar sabo. Ƙanena ne ya sa na gwada ta ƙarshen a kan maciji.

Da na je hutu Maraɗi na tarar da shi ya kamu da son wani maciji da yake gani a Facebook da TikTok: anakonda mai ruwan ɗorawa, jiki da baƙaƙen ɗigo, Turawa na rataya shi a wuya. Ya sayar da tattabarunsa, yana tara kuɗi, wai wani ya ce zai iya samo masa jariri ta hanyar Kwatano.

"Yaya, ba shi da dahi hwa," in ji shi. "Kuma in ka reno shi tun shina ƙarami, sabawa yake."

Maganar dafi gaskiya ce. Wannan maciji matsewa yake yi, kamar mesarmu. Gidansa Kudancin Amurka: Faragwai, Bolibiya, arewacin Ajantina da fadamar Pantanal ta Birazil. Masana sun ba shi suna Eunectes notaeus a 1862, kuma kalmar farko da Girkanci tana nufin gwanin iyo. Sunan ya faɗi komai. Rayuwarsa cikin fadama take, yana cin kifi, tsuntsaye, ɓeraye, har da ƙananan kadoji. Macen ta fi namijin girma, tana wuce mita 3, kuma haihuwa take yi, ba ta yin ƙwai. Jaririn da bai kai mita ɗaya ba, a hannun mai kula yana iya shekara 20. Ƙanena shekararsa 17.

Na zauna da shi muka yi lissafi. Babban anakonda yana buƙatar ruwan da zai nutse ciki gaba ɗaya, a ce duro mai lita 200, jarka 8 ke nan mai lita 25. Cikin ruwan yake kashi, don haka sai an riƙa zubarwa ana sake cikawa. Yana son ɗumi wajen digiri 30 da iska mai laima. Mu kuwa a watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, a hunturu dare na yin sanyi, iska ta bushe har leɓe ya tsage. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa. In ɗari ya kama shi, abinci ba ya narkewa a cikinsa, in laima ta yi ƙaranci, saɓa ba ta fita daidai. Turawan bidiyo suna da fitilun ɗumi da injin fesa ruwa, mu kuma mun san yadda kuran ke ɗaukewa da tsakar bazara. Ga abinci: in ya girma, kaza ko zomo duk mako biyu ko uku.

Ruwan ma a ina yake? Gulbin Maraɗi da damina yake gudu, da rani yashi ne yara ke ƙwallo a kai. Kawunmu na noman rani a Jiratawa, kuma can kowa jiran layinsa yake kafin a sako masa ruwa a gona. Na ga yadda kawu ke tashi da asuba don kada rabonsa ya wuce. A irin wannan ƙasa ne yaron ke son ya kafa wa baƙo fadama a bayan ɗakin Inna, inda jikokinta ke rarrafe.

Lissafi bai girgiza shi ba, saboda yana riƙe da kalmarsa: zai saba. Sai na ce mu tafi wajen waɗanda suka gaji zama da maciji. Gardawa sun daɗe a ƙasar Hausa suna yawo kasuwa-kasuwa da mesa da gamsheƙa da kasa a cikin kwando ko akwati, suna wasa, suna sayar da magani. Muka hau kabu-kabu zuwa Tibiri, inda wani dattijo da ya bar yawo yake zaune. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ƙanena ne ke son ya aje maciji a gida."

Ya dube shi ya ce, "Mi za ka ci da shi?"

"Ba komi, Baba. So nike mu saba."

Dattijo ya yi dariya har da tari. Ya juyo wajena: "Ɗiyata, tun ina yaro nike buɗe kwando. Ni na saba da su. Na san wadda ta ƙoshi, na san wadda za ta yi saɓa, na san ranar da ba a taɓa su. Su ko ba su saba da ni ba. Kullum na buɗe, baƙo nike." Ya nuna mana tabo a bayan hannunsa, haƙoran mesa ne, jere kamar ɗinki.

A hanyar komawa na yi ta juya wannan aikatau. Da Hausa muna cewa "mun saba", mu biyu a cikin wakilin suna ɗaya. Sabo abu ne da ke tafiya ya dawo: akuya na jin takun uwar gida ta yi kuka, kare na tarbo maigida a bakin zaure. Dattijon ya tsinka kalmar gida biyu, ya riƙe rabinsa. Maciji na iya rage sara in ana yawan ɗaukarsa, masu ajiyarsa sun shaida haka, amma ba ya kewar kowa, kuma anakonda mai ruwan ɗorawa ya yi suna da saurin kai cizo. Harshenmu ma nesa yake sa mu da shi. Da dare kakata ba ta ambaton sunansa, sai dai ta ce igiyar ƙasa.

In ka cire sabo, abin da ya rage tsakaninka da dabbar haƙƙi ne, kuma duk a wuyanka yake. An ga abin da ke faruwa in mutane suka gaji da shi. A Fulorida ta Amurka, mesar Bama da aka shigo da ita don ajiya a gida ta samu fita, ta hayayyafa a fadamar Everglades, ta cinye ƙananan namun daji. A 2012 gwamnatin Amurka ta hana shigo da manyan macizai iri 4, cikinsu har da anakonda mai ruwan ɗorawa da mesarmu ta Afirka. Cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takardar yarjejeniyar CITES, kuma nan Nijar akwai dokar 98-07 ta 1998 da ke tsara farauta da kare namun daji. Wanda ya ce zai kawo maka shi cikin kwali ba tare da takarda ba, ka san irin hanyar da ya biyo. A nan kuwa maciji ba zai mamaye kowace fadama ba. Mutuwa zai yi a hankali cikin duro, ko ya sulale zuwa gidan maƙwabta a rufe shi da taɓare.

Inna ce ta yanke maganar, ita da ba ta san CITES ba. Ta ce, "Auta, ban hana ka ba. Ga duro can. Ka cika shi yau, jibi ka zubar ka sake cikawa, da guminka da kuɗinka, har wata guda. In ka iya, mu yi magana." Ta hana a taimake shi, ta hana a yi masa dariya. Ya yi kwana 9. Ruwan da yake zubarwa shi ya raya zogalen Inna a wannan bazarar.

Har yanzu yana kallon bidiyon, kuma ya san sunayen macizai fiye da ni. Kwanan baya ya kira ni a waya yana tambaya wane karatu ake yi a zama mai binciken namun daji, kuma ko ana yinsa a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Na ce ya je tsangayar noma da muhalli ya tambaya da bakinsa. Kuɗin da ya tara kuwa sun koma tattabaru, waɗanda ke tashi da safe su dawo da yamma don kansu.