Kyanwa Ma Amana Ce

Da wuya a sami wata dabbar gida da bakin Bahaushe ya wadata da sunaye da kirari kamar kyanwa. Wani ya ce mage, wani ya ce kuliya, mutanen Sakkwato su ce mussa, namijin kuwa kowa ya san shi da muzuru. In mutum ya cika sanyi har ya zama abin raini, sai a kira shi kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi. In kuwa ya yi lamo yana dakon abokin gaba, sai a ce ya yi kwanciyar mage mai ɗaukar rai. To, amma duk da wannan gata da ta samu a fatar baki, kyanwa marainiya ce a tsakar gida. Akuya na da turke, kaza na da akurki, doki na da barga da mai yi masa ciyawa, ita kuwa sai dai ta kwana inda dare ya riske ta, ta ci abin da farcenta ya kamo mata. In ta yi ciwo ba mai tambaya, in ta mutu a ce dama kwananta ne ya ƙare.

Mu da muka san Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, mun san cewa kyanwa a can ma'aikaciya ce. Ƙasa ce ta noma, inda Numana da Ninzo da Hausawa da Fulani da sauran maƙwabtansu ke tara masara da dawa da acca da gyaɗa a rumbu da ɗakin ajiya, kuma duk inda hatsi ya kwana, ɓera ya sami masauki. Wannan tsohuwar yarjejeniya ce tsakanin ɗan Adam da kyanwa. Masana sun nuna cewa kyanwar gida jikanyar kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya ce, wadda ta biyo ɓeraye zuwa rumbunan manoman farko. A shekarar 2004 ma aka ba da labarin wani kabari a tsibirin Kuburus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna.

A zamaninmu kuwa lamarin ya wuce batun hatsi, ya kai ga batun rai. A shekarar 1969 aka fara gano zazzaɓin Lasa a garin Lasa da ke cikin Jihar Borno ta yanzu, kuma a 1970 ya ɓarke a Jos, har ya yi ajalin likita Jeanette Troup da ke jinyar masu fama da shi. Daga baya aka tabbatar cewa wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, yana zuba ta a abinci ta hanyar fitsari da kashi, kuma ta fi tsananta da rani, lokacin da ake shanyar amfanin gona. Hausawa kan ce in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari; saboda haka rufe abinci da share gida su ne kan gaba, kyanwa mataimakiya ce kawai. Amma mataimaki mai tsaron abincin 'ya'yanmu ya cancanci a san daga inda aka ɗauko shi, a kuma san lafiyarsa.

A ƙasashen Turai akwai masu sana'ar kiwon kyanwoyi don sayarwa, da takardar asali da rajista. A Gwantu da Fadan Karshi da Kafanchan, abin da muka tashi muka tarar shi ne kamu. Kyanwar gidan wane ta haihu, sai maƙwabta su je su yi kamu, wannan ya ce ɗan fari da baƙin nan nawa ne, waccan ta ce ita mai ja-ja-ja take so. Galibi kyauta ce, sai dai ɗan goro ko mudun hatsi na godiya. Akwai ma waɗanda ke ƙyamar karɓar kuɗin kyanwa, bisa wani hadisi da ya yi hani ga hakan, ko da yake mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, sun halatta cinikinta. Amfanin kamu shi ne ba a cinikin biri a sama: ka san gidan, ka ga uwar, ka ga inda 'ya'yan ke kwana.

Daga wata dattijuwa a Gwantu muka koyi alamar gidan da ya kamata a amince da shi. Mun je kamu, 'ya'yan na da kimanin mako uku, sai ta ce, “Malam, kamunka ya karɓu, amma ba yau za ka tafi da ita ba. Wanda bai ƙoshi da nonon uwarsa ba, ba ya tsare gidan wani. Ka dawo in wata biyu ya cika.” Ta kuma tambaye mu ko muna zuba maganin ɓera a gida, ko akwai yara masu jifa, ko akwai kare. Mun fito ba kyanwa a hannu, amma hankalinmu a kwance, domin wanda ya iya hana ka saboda tausayin dabbar, shi ne wanda in ya ba ka, ba zai ba ka marar lafiya ba.

Ilimin likitancin dabbobi ya gaskata wannan dattijuwa. Kyanwa kan yi ciki na kimanin kwana 63 zuwa 65, 'ya'yan su faɗo ido a rufe, sai bayan mako guda zuwa kwana goma su buɗe. A nonon farko suke samun garkuwa daga cututtuka, a wasa da uwa da 'yan'uwa kuma suke koyon binne kashi da sassauta cizo da dabarun farauta. Shi ya sa ba a raba su da uwa kafin mako takwas, wasu likitocin ma sun fi son a kai sha biyu. Ranar ɗauka kuma sai a duba da kyau: ido garau ba kwantsa, hanci ba majina, kunne ba baƙin datti, gashi ba ƙuma, fata ba tabon makero, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo. Ciki ya kumbura alhali haƙarƙari na waje, tsutsa ce. Wadda ta rakuɓe gefe ba ta wasa, kada tausayi ya sa a ce ladabi ne da ita.

Yanzu kuwa wani sabon yayi ya shigo daga manyan birane irin su Abuja da Kaduna, na kyanwoyi masu dogon gashi da ake kira 'yan Farisa, ana tallarsu da hoto ta waya a kan kuɗi masu tsoka. Ba mu ce duk masu wannan sana'a macuta ne ba, amma ma'aunin dattijuwar Gwantu ya ishe su. Mai sayarwa na ƙwarai zai bar ka ka ga uwar da idonka, zai nuna maka katin allurar da likita ya sa wa hannu, ba zai matsa maka ka tura kuɗi kafin ka ga kaya ba, kuma shi ma zai tambaye ka yadda gidanka yake. Wanda ya ce a haɗu a tasha a miƙa maka kwali, a bar masa kayansa. Daɗin daɗawa, ya kamata mai sha'awa ya sani cewa masu shafaffiyar fuska daga cikin irin waɗannan kan yi fama da wahalar numfashi da yawan hawaye, ciwon ƙoda na gado ya yawaita a zuriyarsu, gashinsu kuma in ba a taje shi kullum ba sai ya cukurkuɗe. 'Yar gida mai gajeren gashi ta fi jure wa zafinmu da ƙurarmu.

Bayan an kawo ta gida, sai batun ci da sha. Kyanwa maciyiyar nama ce ta asali. Akwai wani sinadari da idonta da zuciyarta ke buƙata wanda a nama da kifi ake samunsa, don haka tuwo da kunu kaɗai ba za su raya ta ba. A ba ta dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, da dafaffen nama ko ƙwai, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a yini, da ruwa mai tsabta a kasko. Madarar shanu, wadda kowa ke zaton ita ce gatan kyanwa, takan sa da yawansu zawo. Albasa da tafarnuwa kuwa suna lalata musu jini, saboda haka ragowar miya ba alheri ba ce gare su.

Sai rigakafi, wanda aka ce ya fi magani. Ana ba 'yar kyanwa maganin tsutsa tun tana ƙarama, a kuma riƙa maimaitawa a kai a kai, musamman ga mai cin ɓera, domin ta nan tsila ke shiga cikinta. Tana kai mako takwas zuwa tara a yi mata allurar farko ta murar kyanwa da ta wata cutar amai da zawo mai saurin kashe ƙanana, a sake bayan mako uku ko huɗu. Daga mako sha biyu kuma a yi mata ta haukan kare. Sunan cutar ne ke ruɗin mutane. Kyanwar da mahaukacin kare ya ciza takan kamu, ita ma ta sa wa yaro, kuma da zarar alamun cutar sun bayyana ga mutum, da wuya ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Wanda dabbar da ba a yarda da lafiyarta ba ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti ran nan. Masana ba su yi mana nisa ba: ga Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa a Vom kusa da Jos, wadda ke can tun 1924, ga kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne kyanwoyin da ƙauna ke kashewa. Mun ga gidan da 'yar kyanwarsu ta yi zazzaɓi, aka gutsura mata farasitamol, kafin kwana biyu ta ce ga garinku nan, yara suna kuka. Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wannan magani, ƙwaya ɗaya ta isa ajali. Haka wasu magungunan kaska da ƙuma na karnuka da shanu, in an shafa mata sai ta kama jijjiga. Haka kuma ɓeran da ya ci guba, in ta cinye shi gubar kan iya kama ta. Gida ya zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko guba. Mace mai juna biyu kuma a ɗauke mata kwashe kashin kyanwa, domin akwai wata ƙwayar cuta a cikinsa da kan taɓa ɗan tayi. Mai kwashewa ya kwashe kullum, ya wanke hannu.

Wani zai ce, a ƙasar da mutum ke neman kuɗin maganin ɗansa, ina zancen allurar mage? Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce, kyanwar nan a kan tabarmar ɗan take kwana, hannunsa take lasa, kusa da kwanonsa take gilmawa. Lafiyarta da tasa a ƙwarya ɗaya suke. Addinan mutanen Gwantu duka biyu ma sun riga likita magana. Musulmi ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, ya kuma san sahabin da ya sami laƙabin Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa. Kirista kuma ya san Littafin Misalai ya sanya kula da ran dabba cikin halayen adali.

Ga ɗalibanmu da za su zama masu gida gobe, a ƙauye ko a birni: wanda ba shi da halin ciyarwa da allura, ya haƙura da kamu, ya rufe hatsinsa, ba laifi a kansa. Wanda kuwa ya miƙa hannu ya karɓa, ya sani ya ɗauko rai mai jin yunwa da ciwo, wanda ba shi da bakin kai ƙara, kuma zai iya shekara goma sha biyar a gidansa. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.