Kuɗin Ɗaure Fambel

Sabon fambel ba ya zama yadda aka sa shi. Roba ce da zare a cikinta. In ta sha zafin inji ta yi ta juyawa, sai ta ɗan miƙe, ta kuma nutse cikin kwarmin fuli. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa yake cewa a dawo masa da mota bayan an ɗan hau ta, ya sake ɗaurewa. Na san wannan sarai, domin a gidan mai mota na tashi. Duk da haka na ƙona gaskit a kan kuɗin da bai kai na lita biyu na fetur ba.

Motar Peugeot 504 ce, Fijon da mahaifina ya bari, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Turawa yanzu sun mai da ita kayan tarihi, musamman mai ƙofa biyu, wadda irinta ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Mu kuwa a ƙasar Katagum motar zuwa ta'aziyya ce da ɗaukar amarya, da buhun gero a but in kaka ta yi. Injinta ba shi da wani sirri. Sarƙa ce a ciki take daidaita buɗewar bawul, ita ba ruwanta da kai. Fambel na waje shi ne abin lura, shi ke juya famfon ruwa da altaneta. In ya yi sako-sako, ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, batir kuma ba ya caji.

Wanda ya sa mini sabo wani dattijon bakanike ne a Azare, tun zamanin mahaifina shi ke duba motar. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Ɗan Alhaji, in ka ɗan taka ta, ka kawo a ƙara ja."

Na kawo. Yaronsa ya buɗe bonet, ya danna fambel da babban yatsa, ya lotsa sosai. Ya ɗauko sifana ke nan, sai na tambaya, a cikin raha ma, ko wannan yana cikin kuɗin wancan karon. Dattijon ya ce, "A'a, ka dai ba yara na hannu." Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba, aikin da ba a gama ba ne za a sake biya? Ashe dama tarko ne." Na sa aka rufe bonet ba tare da an taɓa noti ko ɗaya ba. Bai ce mini uffan ba, ya koma ƙarƙashin wata a-kori-kura. Kalmar tarkon nan, a gaban yaransa da masu jiran gyara, ita ce ta fi damuna har yau.

A kan batun kuɗin, har gobe ina ganin ina da 'yar hujja. In aiki kashi biyu ne, ranar ciniki ya kamata a faɗa. Kuma ba mu kaɗai ke wannan ja-in-ja ba. Masu tsofaffin Porsche 944 a Turai da Amurka sukan koma gareji bayan kilomita dubu biyu zuwa uku da sa sabon bel na cikin inji, a sake auna ɗaurinsa, domin a irin wannan injin in bel ya tsallake haƙori da yawa ko ya tsinke, fistin ne zai daki bawul. Wani garejin yakan haɗa kuɗin komawar a cikin na farko, wani yakan caji daban, kuma can ma ana gunaguni. Amma su ko sun yi gunaguni sai an ɗaure. Ni kuwa na haɗa tambaya biyu na mai da su ɗaya: wa zai biya, da kuma ko motar na buƙatar aikin. Da na ƙi amsar ta farko, sai na yi kamar ta biyun ma ta faɗi. Alhali da idona na ga yadda robar ta lotsa.

Kuma aikin ba wuya gare shi ba. A sassauta notin altaneta, a sa ƙarfe a ɗan tura ta baya, a ɗaure, a danna tsakiyar fambel a ga bai wuce misalin santimita ɗaya ba. Sai dai "ɗan" ɗin nan shi ne sana'ar. In an ja ya wuce kima, boris ɗin famfo da na altaneta ne za su ci wuya. Abin da yaron ya shafe shekaru yana koya ke nan, kuma galibin yaran gareji ba albashi suke ɗauka ba. Na hannun nan da shi suke cin abincin rana. Na ce zan yi da kaina in na samu sarari. Ban samu ba.

Motar ta yi ta ba ni labari. Da safe in na tayar sai ta yi ƙara kamar ɗan tsako, in na taka mai ta yi shiru. Jar fitilar batir takan ɗan leƙo da dare in na kunna manyan fitilu. Na ce tsufa ne.

Cikin bazara aka yi mana rasuwa a tsohon garin Katagum, can ƙaramar hukumar Zaki. Danginmu da yawa suna can, ba su biyo fada ba lokacin da aka dawo da ita Azare a 1916. Tafiyar kusan kilomita 70 ce, na ɗauki gwaggona da wasu dattawa biyu da tsakar rana. Mun yi nisa sai na ji ƙaurin roba. Allurar zafi ta riga ta haye, ni kuma hira ta ɗauke mini hankali. Kafin in gangara gefe, tururi ya turnuƙe daga lagireto. Fambel ya yi ta sulɓi a kan fuli har gefensa ya yi ƙyalli, sannan ya tsage. Na ƙara wani kuskuren: da wani mai babur ya samo mini igiya muka ɗaura, na ɗura ruwan sanyi a inji yana tafasa, na sake tayarwa don kada jana'iza ta wuce mu. Ta wuce mu ɗin. Gwaggo ta ƙarasa a bayan babur, tana riƙe da mayafinta da haƙori.

Janyo motar aka yi zuwa Azare. Na yi tunanin kai ta wani garejin saboda kunya, amma babu wanda ya san ta kamar dattijon. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya nuna mini ya koma fari-fari, ruwa ya shiga. Gaskit ya ƙone, kan silinda ya ɗan karkace, sai da aka kai shi Kano aka goge. Na ba shi haƙuri a gaban yaran nan da na yi maganar a gabansu. Ya ce, "Ba komai, Ɗan Alhaji. Ni ma da na faɗa maka tun farko." Wannan karon da muka zauna ciniki, na sa aka lissafa har da na dawowa, na fambel da na sake ɗaure notocin kan silinda, na biya gaba ɗaya.