Zana rabi, kwamfuta ta ƙarasa

Da kuɗin zanen tambari nake biyan kuɗin mastas ɗina a nan Ibadan, don haka karkataccen aiki asara ce gare ni. Abin da ya yi daidai a laftof, in aka buga shi a babbar bana kowa zai ga karkatar, kuma mai bugu ba ya mayar da kuɗi.

Shi ya sa rabi kawai nake zanawa. A CorelDRAW sai in danna Ctrl+D, in juya kwafin kamar a madubi, in haɗe. Amma fa dagin Arewa bai yarda da madubi ba, zaren da ya kamata ya bi sama sai ya koma ƙasa. Shi kam ku juya shi digiri 180, 'yan uwa.